Oga ya ce in rufa wa kutsen asiri, ya zan yi?

Abu_Sadiq: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni ne shugaban sashen kwamfuta da bayanai a wani kamfanin ba da rance, saba (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai) da duk bayanan kwastomomi a hannuna suke. Jiya muka gano wani ya shigo ta akawun ɗin wani tsohon ma'aikaci da ba a rufe ba, ya kwashi sunaye da lambobin waya da BVN na mutane. Na kai wa MD, wato shugaban kamfanin, maganar sai ya ce in toshe ƙofar in ja bakina, wai ai ko sisi bai fita ba kuma in labari ya bazu kwastomomi guduwa za su yi. Wallahi raina bai kwanta ba. Aikina ya ƙare a toshewar ko da sauran nauyi a kaina?

Injiniya_Zazzau: Wa alaikumus salam. Malam da saura, babba ma. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan dole a sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya (NDPC) cikin awa 72 daga lokacin da aka gano, ka ga agogonka tun jiya yake tafiya. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Batun sisi bai fita ba kuma dariya ya ba ni, suna da lamba da BVN ai su ne jarin 'yan damfara, gobe a kira wata tsohuwa a ce daga banki ne a karanto mata BVN ɗinta daidai, me zai hana ta ba da lambar da aka turo mata? Kuma kar ka bari kowa ya goge tarihin shige da fice na saba, shi ne shaidarka.

Maman_Ilham: Ni dai a bi a hankali. Nauyin kai rahoto a kan kamfani yake, kar ka tsallake oga ka ruga hukuma yau ka wayi gari ba aiki. Rubuta masa imel, abin da ya faru da abin da doka ta ce da shawararka, ka sa jami'in kare bayanai da lauyan kamfani a kwafi. Yawancin ogogi in suka ga abu a rubuce da kwanan wata sai murya ta canza.

Dan_Fagge: Hajiya na yarda da imel ɗin amma in ya nace fa? Ku tuna kamfanin sufuri na Uber, 2016 aka kwashi bayanan mutum miliyan 57, shugaban tsaron bayanansu Joe Sullivan ya shirya aka ba masu kutsen dala 100,000 aka yi gum, a 2022 kotu a Amurka shi ta kama da laifi, shi ɗin da kansa. Mai riƙe da makulli ake fara nema. In MD ya ƙi, kai wa kwamitin daraktoci.

Abu_Sadiq: Na gode ƙwarai. Matsalar ba mu da jami'in kare bayanai, ni ake lanƙaya wa komai. Imel ɗin dai yanzu zan tura, lauyan na kira shi bai ɗaga ba.

Injiniya_Zazzau: To saka wannan ma a imel ɗin. Kuma yau ɗin nan ka karɓo sunayen duk waɗanda suka bar aiki ka bi akawun ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, da wuya a ce guda ɗaya ne kaɗai aka bari a buɗe.