Neman kalma: me za mu kira okzilari da Hausa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma na fi son jin ta bakin kanikawa da direbobi kafin ta malamai. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar jif, Prado ce ko Pajero ko Pathfinder ko 4Runner, ya san ɗan gajeren sandan nan da ke gefen giya, mai rubutun 2H, 4H, N da 4L. A garejojin Sabon Gari da Kwangila a Zariya okzilari ake ce masa. To amma an ɗora wa kalmar kaya fiye da ƙarfinta. Sandan okzilari ne, akwatin da ke ƙarƙashin mota wanda sandan ke sarrafawa okzilari ne, yanayin da tayoyi huɗu ke ja tare shi ma okzilari ne. Mai mota ya ce "okzilari ya lalace", bakanike bai san ko ya shiga ƙarƙashi ko ya kira rewaya ba. In aka rasa bakin zaren kuwa, giya otomatik ake ɗora wa laifin, a sauke ta alhali lafiyarta ƙalau.

Ga wanda bai sani ba, akwatin yana manne ne a bayan giyabos. Ƙarfin inji in ya fito daga giya cikinsa yake faɗawa. A 2H ya miƙa shi duka ga farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya. A 4H ya haɗa da farfelar gaba, galibi ta hanyar sarƙa, su juya tare. A 4L ya rage gudu ya ninka ƙarfi, a yawancin Toyota wajen sau biyu da rabi. Ni dai abin da na zo da shi "akwatin raba ƙarfi", yanayin kuma "jan taya huɗu". A gyara mini.

Bakanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Malam. Ma'ana ta fita, amma sunan ya yi tsawo. Ina kwance a ƙarƙashin mota mai na ɗiga mini a fuska, in ce wa yaro "duba man akwatin raba ƙarfi"? Kafin in rufe baki ya tafi wajen mai shayi. Mu in ba mu ce okzilari ba, ƙaramar giya muke cewa.

Amma maganar sauke giya mai lafiya gaskiya ka faɗa. An taɓa kawo mini wata jif a kan janwe, an ce giya ta mutu. A D ba ta motsi, a R ba ta motsi, inji sai ihu. Har an yi wa mai ita kuɗin giya 'yar Beljiyam. Abin da ya tsayar da ni, da aka sauke ta an sa P amma tana gangarawa, sai da aka tokare taya da dutse. Giyar da faibarta (faifan kulocin da ke cikinta) ta ƙone ba ta hana P riƙe mota, domin P ƙugiya ce ta ƙarfe da ke kama haƙori, ba ruwanta da mai. In P ta kasa riƙewa kuma mota ba ta tafiya gaba ko baya, to an yanke tsakanin giya da taya ne: ko farfela, ko aksul, ko akwatin nan. Na leƙa ciki, ɗan sandan yana zaune a N. Wajen wanki aka ture shi. Don irin wannan Toyota ta sa fitilar A/T P, Nissan ta sa ATP, amma a tsohuwar mota wa ya san ranar da ƙwan ya mutu.

Malama, Samaru:

Oga, labarinka shi ne hujjar da ta kayar da "ƙaramar giya". Muddin akwai kalmar giya a cikin sunan, mai mota zai ci gaba da ɗaukar su abu ɗaya. Kuma sunan sandan yake nunawa, alhali wasu motocin ba su da sanda, maɓalli ne ko abin murɗawa.

Ga tawa shawarar. Akwatin a kira shi mararraba, wurin da hanya ɗaya ta rabu biyu. Kalma ce da kowa ya sani, ginin ta irin na makaranta da maƙera da mahauta. Yanayin kuwa ja-huɗu, kishiyarsa ja-biyu, a kan tsarin jagora da jagaba. Bakin direbobi ya saba da irin waɗannan sunaye. A-kori-kura da a-daidaita-sahu ai ba a ofis aka zauna aka raɗa su ba.

Direba, Kwangila:

Malama ja-huɗu kam ya zauna, har na gwada shi a baki na ji daɗinsa. Mararraba ce ban yarda ba. In na kira maigidana na ce "Alhaji, matsala a mararraba", wallahi bakanike zai tura mini Mararrabar Jos, ni kuwa ina bayan Giwa cikin laka.

Tunda an zo nan, Oga ina da tambaya. Da damina in na shiga ƙauye nakan sa 4H. In na hau kwalta na manta ban cire ba, da na zo shataletale sai sitiyari ya yi tauri, tayoyi na ƙara, mota na 'yar tirjiya kamar an riƙe ta ta baya, sandan kuma ya ƙi fita ko da na danne shi da hannu biyu. Wani ya ce mini giyar ce ta fara tafiya.

Bakanike, Sabon Gari:

Giyarka lafiya lau ɗan'uwa, kai ne kake wahalar da ƙarfe. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, domin da'irarsu ta fi faɗi. Akwatin kuma ya ɗaure farfela biyu, dole su juya daidai wa daida. A laka ko yashi taya takan ɗan sulɓe, bambancin ya fita ta nan. A kwalta ba sulɓewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa, sarƙa ta sha ja, haƙora su cije. Shi ya sa sandan ke ƙin fita. Kar ka yi kokawa da shi. Tsaya, miƙe sitiyari, sa R, ja da baya 'yan taku kaɗan, za ka ga ya faɗa da kansa. In ka ci gaba da haka, wata rana za ka ji "gau, gau" a ƙarƙashin kujera lokacin hawa, sarƙa ce ta saki tana tsallake haƙori.

Amma a lura, ba kowace jif ba ce haka. Land Cruiser 80 da 100 da Prado da yawa, tayoyinsu huɗu na ja kullum ko a kwalta, saboda a cikin akwatin akwai abin da ke barin gaba da baya su saɓa a gudu. Su sai ka kulle wannan abin ne za ka gamu da abin da direba ya faɗa. Abin da ba sa so shi ne taya ta bambanta, gaba sabuwa babba, baya ƙarama ta cinye.

Mai tambaya:

Ashe ja-huɗun iri biyu ne. To a ce ja-huɗu na kullum, da ja-huɗu na lalura, wanda sai an shiga laka ake sa shi. 4H ja-huɗun gudu, 4L ja-huɗun ƙarfi. Saura akwatin.

Rewaya, Tudun Wada:

Kafin ku gama da akwatin bari in sa baki, don rabin waɗannan motocin wajena ake ƙarewa. Cuta biyu ce masu mota ke kawowa da magana ɗaya, "ba ta gudu". Ta farko mota ta maƙale a 4L. Wannan da ka taɓa totur za ta zabura da ƙarfi, ta canza giya da sauri-sauri, kafin ka kai gudun 50 inji na kururuwa. Ta biyu kwamfutar giya ce ta ga abin da bai yi mata ba, ta kulle giyar a wuri ɗaya, sau da yawa ta uku, don kar a ƙarasa ta. Wannan kuwa tashi ne ke yi mata wuya, tana nishi, in ta ɗauki hanya sai ta tafi. A tsohuwar Toyota za ka ga fitilar O/D OFF na ƙiftawa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai ido 16 a ƙarƙashin sitiyari. In na sa sikana na ga lamba mai farawa da P07, na san giya zan bi: solonoyid, sansa, waya. Amma akwati mai sandan hannu sikana ba ta ganinsa sam, sai dai ido da kunne.

Sannan 4L ba a shiga ko fita da shi ana tafiya. A tsaya cak, a sa babbar giya a N. Masu maɓalli kuma, in fitilar na ta ƙiftawa ba ta tsaya ba, yawanci ɗan motan da ke tura haƙorin ne ya daskare don zama, ko siririn tiyon iska ya tsage a masu aiki da iska. Littafin Toyota ya ce a riƙa tafiyar kilomita 16 a ja-huɗu kowane wata don mai ya zaga. Mutanenmu sai a shekara uku ba a taɓa ba, ranar da aka kafe a hanyar Soba a tuna da shi.

Tsohon direba, Ƙofar Doka:

Yara, ni ban ga aibin aro ba. Birki, lagireto, salansa, kafireta, duk baƙi ne, sun zauna sun zama 'yan gida. Na'ura mai ƙwaƙwalwa an daɗe ana faɗinta a rediyo, yau kowa kwamfuta yake cewa. Ku bar wa sandan okzilarinsa, ba wanda zai raba direba da shi. Akwatin ne marayan. A zamaninmu kowane juyen mai sai an kwance ƙusarsa an tura yatsa. Yanzu mai mota zai ce a duba masa baƙin mai da man giya da man birki, ya tsaya nan, don abin da zai kira na huɗun ba ya bakinsa.

Malama, Samaru:

Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi wannan rabon. Ƙorafin direba ma ya tuna mini abin da ya kamata. Mararraba sunan wuri ne, abin da muke magana a kai kuwa kayan aiki ne, kuma Hausa ta bambanta su: na wuri galibi ya ƙare da a, na kayan aiki ya ƙare da i. Mabuɗi, marufi, magirbi, masassabi. Ke nan abin rarrabawa mararrabi ne, jam'i mararrabai. Namiji ne, ba zai rikice da giya ba, ba kuma za a tura kowa hanyar Kaduna ba.

Direba, Kwangila:

"Alhaji, mararrabin ne ya ƙi fita daga ja-huɗu." To, wannan ta faɗu. Na sa hannu.

Mai tambaya:

Na janye akwatin raba ƙarfi. Mararrabi ya fi shi sauƙi a harshe, kuma yana ɗaukar ɗafi ba tare da ya karye ba: man mararrabi, sarƙar mararrabi, ƙusar mararrabi. Oga, kai ne za ka yi ta faɗinsa kullum, ya ka ji?

Bakanike, Sabon Gari:

Ya fi na farko nesa ba kusa ba, Malam, ko da yake ra biyun nan sai yara sun yi kwana biyu suna tuntuɓe. Tunda Baba ya ambaci mai, ga yadda nake bi kafin in yarda a sauke komai. Man giya a yawancin waɗannan motocin ana duba shi ne inji na aiki, ya yi zafi, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, an zaga sandan giya an dawo P. Ja garau lafiya. In ya yi duhu yana ƙauri, faiba ta fara ci. In ya koma fari-fari da kumfa, ruwan lagireto ne ya shiga, kuma Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan. A tsayar da motar nan take, kar a ce bari a lallaɓa zuwa gida.

Man mararrabi daban yake, ba shi da sandan awo. Ƙusa biyu ce, ta sama ta zubawa, ta ƙasa ta juyewa. A fara kwance ta sama, don in ka juye mai sannan ta sama ta ƙi kwantuwa ka shiga uku. Man ya kai bakin ramin. Tsohuwar Toyota 75W-90 take sha, tsohuwar Pathfinder kuwa jan man giya ake zuba mata, saboda haka kar a yi wa kowace kuɗin goro.

Wajen masu sayar da kayan gyara kam okzilari za ku ci gaba da cewa, in ba haka ba a tsaya ana kallonku. Kuma ku ɗauki tsohon mararrabin ku tafi da shi a gwada, domin na giya otomatik da na manuwal ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba ko da motar iri ɗaya ce.