Rubutun da ke fuskar kati ne doka, ko wanda aka sabunta?

Sagir: Assalamu alaikum. Akwai magana ɗaya da nake so mu warware kafin zaman Asabar: abin da aka buga a fuskar kati shi ne dokarsa. Littafin dokokin wasan katinmu, Vampire: The Eternal Struggle, da kansa ya ce idan kati ya saɓa wa doka, katin ake bi. To don me za a fitar da ni daga wasa da rubutun da babu shi a kan tebur? Ga yadda abin ya kasance jiya, don waɗanda ba su zo ba. Jarina, wanda in ya ƙare mutum ya fita daga wasa, ya rage 5, Mubarak ne mafaraucina, wato wanda yake neman fitar da ni. Ya tatse ni, wato ya kai hari kan jarina, da katin Govern the Unaligned, tatsa ta zama 3. Ban tare ba, domin duk mashaya jinina, wato mabiyan da nake wasa da su, a kulle suke, ba su iya tarewa. Ya ɗora Conditioning a babban mataki, wato mafi ƙarfin aikin katin, ta zama 6, ya ce ya tsaya. Na ɗauki katin na karanta da idona, ya ce bayan an buga shi ba a sake buga wani katin ƙari da zai ɗaga tatsar. Sai na tashi mai shan jinina mai baiwar Auspex da katin Wake with Evening's Freshness, na buga Telepathic Counter, 6 ta koma 4, zan tsira da jari 1. Nan take ya jefo Command of the Beast a babban mataki, tatsa ta koma 5. Aka ce na fita, ya ɗauki maki ɗaya da jari 6.

Mubarak: Wa alaikumus salam. Duk yadda ka faɗa haka aka yi, ban musa ko ɗaya ba. Amma Conditioning ɗin da ka karanta tsohon bugu ne daga cikin katunan Yaya Bashir. Rubutunsa na yanzu ba ya ɗauke da wannan jimlar. Abin da ya ce kawai shi ne ƙarin tatsa 2, ko 3 a babban mataki, kuma ƙarin mai iyaka ne. Ma'anar mai iyaka ita ce ba a haɗa irinsa biyu a aiki ɗaya. Command of the Beast a ƙaramin mataki mai iyaka ne, a babban mataki kuwa babu wannan alamar a jikinsa. Ban haɗa masu iyaka biyu ba.

Sagir: Rubutun na yanzu yana ina jiya? A wayarka. Ni kati na gani.

Nafisa: Sagir, bari in raba maka abu biyu da ka haɗa. Dokar da ka kawo gaskiya ce, kati yana rinjayar littafi. Amma tambayar ita ce wane rubutu ne ake kira rubutun katin. A dokokin gasa na VEKN, ƙungiyar 'yan wasan da ke kula da gasa da hukunce-hukunce, kowane kati da rubutunsa na ƙarshe ake buga shi, ko wace shekara aka buga takardar da ke hannunka. Kuma ba don son wahalar da mutane aka yi haka ba. Wannan wasan ba shi da iyakar kwafi. Mutum zai iya zuba Conditioning goma a tarinsa, biyar tsohon bugu, biyar sabo. In muka bi maganarka, suna ɗaya ne amma aiki biyu, sai wanda hannu ya zaro. Ka ga kenan mai tsofaffin katuna zai riƙa zaɓen bugun da ya fi masa daɗi.

Yaya Bashir: Tunda katunana ne suka jawo rigimar, bari in sa baki. Wasan nan Richard Garfield ne ya ƙirƙira shi, Wizards of the Coast suka fitar da shi a 1994 da sunan Jyhad, aka sauya masa suna a 1995. Daga baya White Wolf suka ci gaba da buga shi daga 2000, suka daina a 2010, sai Black Chantry suka dawo da shi a 2018. Kamfani uku, kowanne da salon rubutunsa. Babu yadda za a yi katunan su zama harshe ɗaya sai an ɗauki rubutu guda an ce wannan ne. Ina da Misdirection na farkon bugu, wanda yake ba ka damar biyan jari yadda kake so ka kulle mabiya daidai adadin abin da ka biya. Na yanzu jari 1 ake biya, mabiyi ɗaya ake kullewa. Sagir, ƙanina, in na zauna a damanka ranar Asabar na biya jari uku na kulle maka mashaya jini uku rigis, sannan na tatse ka, za ka ce mini kati ne doka?

Sagir: Yaya, wannan daban ne. Kowa ya san an gyara Misdirection.

Yaya Bashir: Kowa wa? Kai ka sani ne don an taɓa gaya maka. Zainab da ta fara wasa bana ba ta sani ba.

Zainab: Gaskiya ban sani ba sai yanzu. Amma ni ina tare da Sagir ta wani gefen, kuma ina ganin an tsallake ainihin abin da ya yi masa ciwo. Ni ce abin farautarsa jiya, na ga hannunsa bayan ya fita. Yana da Deflection, katin juya tatsa kan wani. Katin tashi ɗaya ne gare shi, mashaya jini biyu a kulle, ɗaya mai Auspex, ɗaya mai Dominate, baiwar da Deflection ke buƙata. Da ya tashi mai Dominate ya juyo tatsar kaina, da bai fita ba, komai Mubarak ya ƙara. Ya zaɓi mai Auspex ne saboda katin da ke gabansa ya tabbatar masa cewa 6 ce ƙarshe. Wannan ba rashin iya wasa ba ne. Ya karanta, ya yi lissafi, lissafin ya yi daidai da abin da aka rubuta.

Nafisa: To me ya hana shi juyawar tun farko? Tatsa 6 ce zuwa kan abin farautarsa. In ma ta fitar da ke, makin nasa ne, tunda mafarauci ke samun maki ko wa ya yi kisan.

Sagir: Domin Zainab na da masu tsaro biyu a buɗe, tarewa za ta yi, ba abin da zai same ta. Kuma mai Dominate ɗina jini 1 ya rage masa. Deflection jini 1 yake ci. In ya koma babu jini, dole ya tafi farautar jini a zagayena, doka ce, ba zan iya tura shi ya buga nawa Govern ɗin ba. Telepathic Counter kyauta ne. Duk wanda ya san 6 ce iyaka, abin da na yi zai yi.

Nafisa: Na yarda lissafinka ya tsaya a kan tsohon rubutu. A da tsari ne ke aiki: in ka fara buga Command of the Beast babba sannan Conditioning, ya halatta, in ka juya su bai halatta ba. Wannan ne ma dalilin da na fi son rubutun yanzu. Katuna biyu iri ɗaya, mai shan jini ɗaya, aiki ɗaya, amma sakamako ya dogara da wanne ya riga taɓa tebur. Kalmar mai iyaka ta kashe wannan tarkon. Sai dai akwai abin da ya kamata ka riƙe ko da babu maganar bugu: duk sanda ka buga katin martani, dama tana komawa ga mai aikin. Da Mubarak ya ce ya tsaya, kai ma ka ce ka tsaya, kowa ya tsaya, tatsa ta sauka a 6, ba shi da bakin ƙari. Katinka ne ya sake buɗe masa ƙofa.

Sagir: In na tsaya a 6 ai na mutu. Jari 5 gare ni.

Nafisa: Haka ne. Ina nufin ƙarin da ya yi bayan martaninka ba sata ba ce, lokacinsa ne.

Zainab: Ni tambayata ga Mubarak ce. Ka ga ya ɗauki katin yana karantawa. Ka san tsohon rubutu ne. Me ya sa ka yi shiru?

Mubarak: Domin ba a tambaye ni ba. Kuma ki duba matsayina. In na ce masa, Sagir, ka lura fa, har yanzu ana iya ƙara tatsa da katin da ba mai iyaka ba, ai na nuna masa hannuna kenan. Wasan nan rabinsa ɓoye abin da kake riƙe da shi ne. Ban yi ƙarya ba, ban ce masa rubutun daidai ne ba.

Zainab: Ba sai ka faɗi abin da ke hannunka ba. Cewa za ka yi, wannan tsohon bugu ne, ka duba na yanzu. Shi ke nan.

Mubarak: In sai ranar da nake riƙe da Command nake faɗin haka, ko ranar da ba ni da shi nake yin shiru, wannan ma alama ce. Ku da kuka saba da ni za ku gane.

Malam Habu: Na karanta duka. Tunda ni aka kira jiya na yanke, zan maimaita dalilina a nan inda kowa zai gani. Abin da Mubarak ya buga halastacce ne. Ana mayar da wasa baya ne idan an buga abin da doka ba ta yarda da shi ba, amma ba a mayarwa don wani ya yanke shawara a kan fahimtar da ba ta yi daidai ba. Ko da na so in tausaya, da me zan mayar? Sagir ya riga ya ga Command of the Beast. In na ba shi damar sake zaɓe, zai zaɓa ne da ilimin da ba shi da shi a lokacin, Mubarak kuma ya yi asarar katinsa a banza. A gasa, ɗan wasa yana da haƙƙin tsayar da wasa ya kira alƙali ya nemi rubutun kati na yanzu kafin ya yi motsi. Wannan haƙƙin Sagir yana da shi jiya, ina zaune kusa da shi. Saboda haka makin Mubarak yana nan.

Amma ban gamsu da uzurin Mubarak gaba ɗaya ba. Rubutun kati ba sirri ba ne. Abin da ke hannunka sirrinka ne, ka ɓoye shi yadda kake so. Katin da ka ajiye a tsakiyar tebur kuwa na kowa ne, kuma kai ka kawo shi. Teburinmu ba gasar Turai ba ce, mutum biyar ne da suke son su dawo mako mai zuwa, biyu daga cikinsu sababbi.

Sagir: Malam, na gode. Amma ku duba, kun ce ina da haƙƙin tambaya. Yaya zan tambayi abin da ban san akwai shi ba? Katin bai ce mini an gyara shi ba. Zan riƙa kiran alƙali a kan kowane kati ne? Tari ɗaya kati 60 zuwa 90 ne, mu biyar, awa biyu kacal ake ba wasa.

Yaya Bashir: Nan kam yaron yana da gaskiya. Parity Shift, katin da ake jefa wa ƙuri'a, ma haka yake. Tsohon yana kwashe jari daidai yawan 'yan wasan da ke tebur, wato 5 in mu biyar ne, na yanzu 3 ne. Wanda bai sani ba zai sayar da ƙuri'arsa don tsoron abin da ba zai faru ba. Ni shawarata, in buga sabon rubutun a 'yar takarda in cusa a cikin ledar kowane tsohon kati.

Nafisa: Yaya, kada ku yi haka. Takarda tana ƙara wa kati kauri, mai tarin zai riƙa jin sa da yatsa yana garwayawa. Dalilin da ya sa muke sa leda marar nuna baya kenan tun farko, don kada a bambance masu bayan Jyhad da sauran.

Yaya Bashir: To in rubuta su duka a takarda ɗaya a ajiye a tsakiya.

Mubarak: Kowa ya san abin da ke tarina kenan kafin a fara.

Zainab: Abin da na faɗa ɗazu shi ne mafita, kuma amsar Mubarak ce ta nuna yadda za a yi. Ya ce in wata rana ya faɗa wata rana ya yi shiru, alama ce. To ya faɗa kullum. Duk wanda ya buga katin da rubutunsa ya sauya, ya ce tsohon bugu ne a daidai lokacin da ya ajiye shi, ko yana da abin ƙari ko ba shi da shi. Wanda yake so ya duba waya ya duba.

Mubarak: In dole ne a kan kowa, har da Yaya Bashir, na yarda. Amma a fayyace. Kusan duk tsohon kati kalmominsa sun sauya, har kalmar kullewa ba ita ce a tsofaffin ba. Ba zan riƙa shela a kan wannan ba.

Malam Habu: Wanda aikinsa ya sauya muke nufi: kuɗinsa, adadinsa, lokacin buga shi, ko abin da ya hana. Bashir, ku ne mai akwatin, ku da Nafisa ku zauna ku fitar mana da sunayensu daga dukan katunan da muke aro, ba daga tari ɗaya ba, don kada jerin ya tona asirin kowa. In an manta ba a faɗa ba, kuma wani ya yi motsi a kan tsohon rubutu, zan mayar da wasan zuwa daidai lokacin da aka ajiye katin, asarar tana kan wanda ya yi shiru.

Sagir: Wannan na amince da shi daga Asabar. Sai dai har yanzu ina kan bakana a kan jiya. In hukuncin da za a yi gobe shi ne a mayar, to jiya ma abin da ya dace kenan.

Malam Habu: Jiya ba mu da wannan sharaɗin, kuma ba zan ɗora wa Mubarak abin da ba a gindaya masa ba kafin ya zauna.

Nafisa: Yaya Bashir, zan zo Juma'a bayan la'asar. Ku ware mini na Dominate tukuna, su aka fi bugawa a teburin nan, sannan katunan ƙuri'a.