Lister ɗin Bagalam ya tafi a kilo

Lawali Makanise: Jama'a yau raina ya ɓaci. Injin niƙan nan Lister da ke unguwar Bagalam nan Maraɗi tun ina ɗan lakwal, magada sun saida ma 'yan gwangwan a kilo. Gabana aka sa ma ƙafafunshi guduma. Silinda guda, ƙarfin doki 6, juyi 650 a minti, da hannu ake murɗa shi ya tashi, ruwan sanyaya shi cikin tano. Kamfanin Ingila ya bar ƙera irinshi tun 1987. Ga tur biyu na sassaƙa ƙarfe suna cin tsatsa a Sabon Gari. Mu yi gayya duk Lahadi, mu wanke, mu sa mai, mu samu rumfa mu aje. In ba haka ba ɓarayin tarihi sun gama da mu.

Ila: Wa ne ɓarawo, Usta? Da rana tsaka aka ɗora a sikeli, aka ƙirga kuɗi aka ba masu shi. Ka janye.

Lawali Makanise: Ɓarayin TARIHI na ce.

Ila: Tarihi na da mai shi ne balle a sace?

Hajiya Rabi: Marayu ne fa suka saida. Da Lawali ya kawo jikka ɗari ya fanshe shi, wa zai hana?

Sani Sudur: Ni ban ma yarda Lister ne ba. Rabin waɗanda ke garin nan kwafin Indiya ne, 'yan birnin Rajkot. Ka ga farantin sunan?

Lawali Makanise: Sau uku na buɗe injin nan, Sani. Lokacin kana riƙe mani kile.

Sani Sudur: Shekara huɗu na riƙe, ko dala ban gani ba. Ashe gayyar ta daɗe.

Ɗan Tibiri: Katsinawa ke nan, ƙarfe ma sai an yi mashi makoki.

Ɗan Mokoyo: Bagobiri, kai kiyaye. Garin da ambaliyar 1945 ta cinye ya sake tashi kan tudu, ya matsa man gyaɗa da kamfanin Siconiger, kai ne za ka koya mashi darajar inji?

Ila: Har yanzu ban ji an janye "ɓarayi" ba. Ubana da sana'ar nan ya je Makka.

Malam Issa: Ku bari mana. Me zai hana a yi magana da lakwal ɗin fasaha ta Ɗan Kasawa, ɗalibai su...

Ɗan Tibiri: Gyaɗar ina take yanzu? Tun farin 1973 take ja da baya.

Shugaban zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda gwangwan sana'a ce ta halal, kuma Usta Lawali ya yi suɓul da baka. Zancen gayya ba wanda ya ɗaga hannu, an ɗage. Mai tsohon ƙarfe a gida ya nemi ƙanena Ila, sikelinshi ba ya cuta.

Lawali Makanise: To su tur ɗin fa?

Ila: Sabon Gari ta wane layi ka ce?