Makullin ƙofar Golf 3 yana cijewa: a sake yanka shi ne, ko a canza gidan makullin?

Mai tambaya daga Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ina da Volkswagen Golf 3 ƙirar 1996, wadda ta shigo ta Kwatano, kuma tun shigowar hunturun bana makullin ƙofar direba ya fara ba ni wahala. Yana shiga ramin, amma ba ya juyawa sai na ɗan jawo shi baya ina girgiza shi, wani lokaci ma sai na zagaya na buɗe ta ƙofar fasinja. Wajen tayar da mota yana aiki, ko da yake can ma ya fara ɗan tauri. Wani ya ce in ɗiga baƙin mai a ramin, wani kuma ya ce in je a yanka mini sabon makulli daga wanda ke hannuna. Tsorona shi ne ya karye a ciki, domin shi kaɗai gare ni. Ina roƙon masu sani su nuna mini inda ya kamata in fara.

Mai gyaran makulli, Kano:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka daina murɗa shi da ƙarfi, kuma kada ka zuba baƙin mai. A ranar farko zai yi laushi har ka ji daɗi, amma mai yana riƙe ƙura, ƙurar hunturu kuwa tana da laushin da take shiga ko'ina, sai su haɗu su zama wani baƙin danƙo da zai hana komai motsi a ciki. Man gyaɗa da manja sun fi muni, domin suna daskarewa idan suka daɗe.

A cikin gidan makullin mota akwai wasu siraran falle-fallen tagulla a jere, kowanne da ɗan ƙaramin sifirin da ke tura shi waje. Idan makullin da ya dace ya shiga, haƙoransa suna jawo kowane falle zuwa daidai bakin gangar da ke juyawa, sai ta samu hanya ta juya. Idan guda ɗaya kacal ya rage a waje, ko da kaurin farce ne, ganga ba za ta motsa ba. Abubuwa biyu ke jawo haka, ko dai datti ya hana fallen sauka, ko kuwa haƙoran makulli da bakin fallen sun cinye saboda shekaru ana goga su. Ja da baya da girgizawar da kake yi kafin ya buɗe alama ce ta cinyewa, domin kana nema wa haƙorin da ya lafe wurin da zai kama ne.

Tun da ƙofar fasinja tana buɗewa da makullin nan, ina ganin lalacewar ta fi yawa a gidan makullin direba, wanda shi ake amfani da shi kullum. Sai dai taurin da ka fara ji wajen tayar da mota yana nuna shi ma makullin ya fara gajiya. Ka ɗaga shi a haske ka duba: idan kan haƙoran ya yi sulɓi ya zagaye, ko ka ga ɗan tsagu kusa da inda ƙarfen ya shiga roba, to lokacin sake shi ya yi.

A nan ne nake so ka yi hattara. Injin kwafi yana bin makullin da aka ɗora masa ne sawu da ƙafa, saboda haka idan ka ba shi wanda ya cinye, zai fitar maka da sabon ƙarfe mai tsohuwar lalacewa, har da ɗan ƙarin kuskure. Abin da ya dace shi ne a yanka shi bisa ma'aunin asali. Wanda ya san aikin zai iya cire gidan makullin fasinja, wanda bai sha wahala ba, ya duba zurfin kowane falle, sannan ya yanka makullin da ya dace da su.

A Golf 3 gidan makullin yana jikin hannun ƙofa ne, kuma hannun yana fita idan aka kwance noti guda da ke gefen ƙofar. Duk wanda zai zaro gangar ya bar makullin a ciki, in ba haka ba fallayen da sifirin ɗinsu za su tarwatse, kuma mayar da su bisa tsarinsu aiki ne mai cin rai. A wanke su da kananzir ko fetur, a bari su bushe sarai. Da makulli a ciki za ka ga wanda ya ɗago sama da sauran da idonka. Shi za a canza da wani daga tsohon gidan makulli, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke nan Kano. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a zare fallayen a zubar don makulli ya yi saurin juyawa. Wasu suna yin haka su karɓi kuɗi, mai mota ya tafi yana murna, alhali kusan kowane makullin da ya shiga ramin zai iya buɗe motarsa.

Bakanike a Fanteka, Kaduna:

Bayanin da Malam ya yi daidai ne, sai dai ina so in ƙara cewa ba kullum laifin yake ga gidan makulli ba. Makullin ba ya buɗe ƙofa kai tsaye, yana murɗa wani ɗan ƙarfe ne a bayan ganga, shi kuma ya motsa sakatar da ke cikin ƙofar. Idan giris ɗin sakatar ya bushe ko ta yi tsatsa saboda ruwan da ke bi ta gefen gilashi a damina, duk nauyin yana dawowa kan makulli. Gwajin mai sauƙi ne: a cire hannun ƙofar, a juya makullin yana waje. Idan ya juya ba tare da cijewa ba, to a buɗe murfin cikin ƙofa a wanke sakatar a shafa mata farin giris. Wurin nan ne giris ke da amfani, ba cikin ramin makulli ba.

Ɗan ƙarfen bayan gangar ma yana yawan karyewa a Golf 3, kuma alamarsa ita ce makulli ya riƙa juyawa fayau ba tare da ya buɗe komai ba. Ana sayar da shi shi kaɗai, ba sai an sayi hannu gaba ɗaya ba. Sannan ka duba ko ƙofar ta sunkuya, domin idan sai ka ɗaga ta ko ka buga ta da ƙarfi take rufuwa, sakatar tana cikin matsi ne.

Tsohon direba, Maraɗi:

Ɗana, mu a zamanin Peugeot 504 fensir muke gogawa a haƙoran makulli, mu sa shi mu fitar har ya yi laushi, kuma yana aiki. Ka kuma rage tarin makullan gida da na shago da ke rataye tare da na motar, domin nauyinsu yana lilo a kan hanya mai gargada yana cinye wurin tayar da mota.

Mai gyaran makulli, Kano:

Baba ya faɗi gaskiya a kan tarin makullai. Batun fensir ma yana da tushe, domin baƙin cikinsa garafait ne, wanda ke sa ƙarfe sulɓi ba tare da ya jiƙa shi ba. Sai dai an haɗa shi da yumɓu, don haka garin garafait tsantsa ya fi shi, kuma kaɗan ake hurawa. Sharaɗinsa shi ne ramin ya kasance busasshe kuma wankakke, domin idan ya tarar da tsohon mai a ciki za su cakuɗe su toshe shi. Man feshin nan na gwangwani mai suna WD-40 yana da kyau wajen sassauta datti da korar ruwa, amma sulɓinsa ba ya daɗewa, don haka na fi ɗaukarsa abin wanki.

Mai tambaya daga Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya guda: idan aka yanka sabon makullin, zai tayar da motar kamar tsohon?

Bakanike a Fanteka, Kaduna:

Ya danganta da motar. Yawancin Golf 3 da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suna da wata 'yar ƙwayar lantarki a cikin robar kan makulli, wadda motar ke tantancewa kafin ta bar inji ya ci gaba da aiki. Idan taka tana da ita kuma ba a cire tsarin ba, sabon ƙarfe zai buɗe ƙofa ya kuma murɗa wurin tayarwa, amma injin zai kama ya mutu nan take. Saboda haka kada ka yar da tsohon makullin, domin ana iya ciro ƙwayar daga kansa a mayar da ita cikin sabon. Ka sa a yanka maka guda biyu a lokaci ɗaya, ka ajiye ɗaya a gida ba tare da kana amfani da shi ba, domin duk ranar da ka buƙaci wani, daga wannan da bai cinye ba za a kwafa.