Sabis ya yanke ina tsakar ɗora manhaja a saba, shafin ya mutu: ku yaya kuke yi?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don shekaranjiya na sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba.

Akwai wata makarantar kuɗi a nan Tudun Wadan Zariya da na rubuta wa manhajar duba sakamakon jarrabawa. Da Laravel 10 na yi ta, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da yaren PHP, a laftof ɗina mai Windows da XAMPP, manhajar da ke ba ni damar gwada shafin a laftof. Sabar kuma, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta a intanet, haya muka kama, 'yar ƙaramar VPS mai Ubuntu 22.04. Tun farko yadda nake yi shi ne, in na gama gyara sai in buɗe FileZilla, manhajar tura fayiloli zuwa saba, in ja foldar aikin gaba ɗaya in jefa can. Wata takwas ina haka, ban ga komai ba.

Ranar Alhamis da la'asar shugaban makarantar ya kira ni, wai a ƙara matsayin yaro a aji cikin takardar sakamako, iyaye suna jira. Gyaran bai ɗauke ni minti arba'in ba. Bayan magariba na fara ɗorawa, ya kai kamar rabi sai aka ɗauke wuta, 'yar na'urar intanet ɗina kuma dama batirinta ya daɗe da mutuwa. Kafin in haɗa da wayata, shafin ya riga ya faɗi. Abin takaicin ma, ashe fayil ɗin .env na laftof, mai ɗauke da saituna da kalmomin sirri, ya riga ya hau kan na sabar, ga APP_DEBUG, saitin da ke bayyana cikakken bayanin kuskure, a kunne. Duk uban da ya buɗe shafin, maimakon sakamakon ɗansa, sai ya ga doguwar takardar kuskure da sunayen fayilolina reras. Wani ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp na iyaye. Sai da na hau achaba na tafi shagon abokina a PZ, inda akwai sola, ban gama ba sai wajen sha ɗaya na dare.

To don Allah, ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke kai aiki daga kwamfutarku zuwa saba ba tare da wannan fargabar ba? Ina jin ana ambaton kayan aiki irin su Docker da GitHub Actions wajen ɗora manhaja, kaina ya ɗaure. Ni kaɗai nake aikin, sabar kuma ɗaya ce tal.

Baban Hanwa:

Wa alaikumussalam. Sannu ƙanena, Allah Ya kiyaye gaba. Duk wanda ya ce maka bai taɓa kashe shafi da hannunsa ba, to bai fara aiki ba.

Ka ajiye maganar Docker tukuna. Ciwonka ba nan yake ba. Ciwonka shi ne kana tura dubban fayiloli ta sabis ɗin gidanka, alhali abin da ka gyara bai wuce fayil huɗu ko biyar ba. Foldar vendor, inda kayan kod na wasu da manhajarka ta dogara da su suke, kaɗai ita ke cinye maka lokaci da data, kuma ba ta da dalilin bi ta laftof ɗinka. Sabar tana zaune a inda intanet ya fi naka gudu nesa ba kusa ba, bar ta ta ɗebo kayanta da kanta.

Ka sa aikin cikin Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da ka yi wa kod. Ka buɗe ma'ajiya ta sirri a GitHub, kyauta ce. A cikin .gitignore, jerin abubuwan da Git zai ƙyale, ka tabbatar akwai .env da vendor da node_modules; Laravel ma yana zuwa da su a rubuce, sai dai in kai ka goge. Daga nan abin da zai bar laftof ɗinka in ka yi git push shi ne bambancin da ka yi kawai, 'yan kilobayit. In sabis ya yanke a tsakiya, turawar ce ba ta yi ba, shafin yana nan yadda yake, babu abin da ya taɓa shi.

Sai ka shiga sabar ta SSH, amintacciyar hanyar ba ta umarni daga nesa, ka yi git pull don ɗebo gyaran daga GitHub, sannan composer install --no-dev don sauko da kayan vendor, sannan php artisan migrate --force don sabunta tsarin rumbun bayanai, ka rufe da php artisan config:cache. Shi ke nan. Fayil ɗin .env na sabar sau ɗaya ake rubuta shi, a can, da APP_DEBUG=false, kuma ba ya shiga Git har abada.

Abu biyu kuma. GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa tun watan Agustan 2021, saboda haka ka yi makulli da ssh-keygen -t ed25519. Makullin sabar ka sa shi a GitHub a matsayin makullin ɗauka kawai, wanda ba ya iya rubutu, ko da wani ya shiga sabar ba zai ɓata maka ma'ajiya ba. Na biyu, kafin ka fara kowane dogon umarni a can, buga tmux, manhajar da ke riƙe zamanka a sabar. Mu da muke Zariya mun san halin sabis ɗinmu. In ya yanke kana cikin tmux, aikin na ci gaba, ka dawo ka yi tmux attach ka tarar da shi inda ya kai.

Af, wace irin haɗuwa kake yi a FileZillar? In FTP ce zalla ta ƙofa 21, kalmar sirrinka a fili take tafiya. Ka canja ta yau.

Na Kwangila:

Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai ramin da Ɗan Tudun Wada zai faɗa ranar farko, gara in gaya masa tun yanzu. PHP ɗin da Ubuntu 22.04 ke zuwa da shi 8.1 ne. In na XAMPP ɗinka 8.2 ne, kuma ka taɓa yin composer update a laftof, composer.lock, fayil ɗin da ke riƙe sigar kowane kaya, zai iya kulle maka kayan da ba sa tashi a 8.1, sai composer install ya ƙi a sabar. Buga php -v a wuraren biyu ka gani. Ko ka daidaita su, ko ka rubuta sigar ta sabar a sashen platform na composer.json.

Ɗaya ramin kuma, Windows ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa ruwansa ne. Ni Logo.png da logo.png sun taɓa cinye min yini guda cur.

In ba ka son Git a sabar, umarnin kwafe fayiloli na rsync ma na yi, shi ma bambanci kawai yake turawa. Sai dai ka ji tsoron --delete. Ka fara gwadawa da -n ka ga abin da zai goge, in ba haka ba hotunan ɗaliban da aka ɗora a storage za su bi ruwa.

'Yar Samaru:

Salamu alaikum. Ni fa ban gamsu da git pull kai tsaye cikin foldar da mutane ke amfani da ita ba, Baba ka yi haƙuri. Tsakanin pull da gamawar composer akwai daƙiƙoƙi, wani lokaci minti biyu, da sabon kod ke zaune kan tsohon vendor. A ranar fitar sakamako, minti biyu iyaye nawa ne? In kuma composer ya tsaya da kuskure, ka koma gidan jiya, shafi rabi sabo rabi tsoho.

Yadda nake yi wa wani kantin magani a Sabon Gari shi ne, a sabar akwai folda releases, kowace ɗorawa da tata foldar mai kwanan wata da lokaci. Akwai shared, inda .env da storage suke zaune ba sa motsi. Sai wata alama mai suna current, wato symlink, wadda ke nuna foldar da ke aiki yanzu, Nginx kuma, manhajar da ke miƙa wa masu ziyara shafin, current/public yake kallo. Sabon aiki yana sauka a sabuwar folda, a yi masa composer da komai a gefe, babu wanda ya sani. Sai ya kammala lafiya ake juya alamar, ƙiftawar ido. In ya fito da matsala, ka mayar da alamar kan ta jiya, ka sake loda PHP-FPM, mai gudanar da PHP a sabar, don kada OPcache, ma'ajiyar kod ta wucin gadi, ya riƙe tsohon, ka je ka sha shayinka ka duba a natse. Ba sai ka rubuta wannan da hannu ba, wata manhaja mai suna Deployer tana yi, kuma tana da tsarin Laravel a shirye: dep deploy, in ta ɓaci dep rollback.

Amma ga abin da alamar ba ta iya dawo maka da shi: rumbun bayanai. In migrate ya goge wani sashen bayanai ko ya canja makin yara, komawa tsohuwar folda ba zai dawo da su ba. Saboda haka ka ɗauki kwafin rumbun da mysqldump kafin kowane migrate, kuma ka sauko da kwafin waje da sabar. Sakamakon 'ya'yan mutane amana ce, ɗan'uwa.

Sannan tunda shafin kuskuren nan ya fita har an ɗauki hoto, ka ɗauka cewa abin da ke ciki ya tonu. Ka duba hoton da kyau, ka canja kalmar sirrin rumbun bayanan ko da ba ka gan ta ba.

Baban Hanwa:

Malama, ban ƙi taki ba, ita ce ta fi. Na dai ga yaron ko Git bai fara ba, kada mu ɗora masa buhu biyu a ka. In zai bi tawa na ɗan lokaci, ya sa php artisan down kafin pull don rufe shafin na ɗan lokaci, ya yi php artisan up bayan ya gama. Iyaye su ga ana gyara, ya fi su ga hanjin manhaja a waje.

GitHub Actions kuwa amfaninsa a wurinmu shi ne, kwamfutocinsu ne ke yin ɗorawar, ba taka ba, wuta da sabis ɗinka sun fita daga lissafi da zarar ka yi push. Amma duk abin da ba ka iya yi da hannu ba, kada ka ba inji ya yi maka, don ranar da ya tsaya ba za ka san inda za ka taɓa ba. Ka yi wata biyu da hannu tukuna.

Kuma ka koyi cewa shugaban makaranta "sai da safe, ranka ya daɗe". Ba a ɗora sabon aiki da magariba ana gobe Juma'a, iyaye na tsaye a ƙofa.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na Kwangila, kamar ka leƙa laftof ɗina: 8.2 ne a nan, 8.1 a can. Sa'a kawai nake ci ashe. FileZillar dai SFTP ce ta ƙofa 22, wannan na tsira. Na canja kalmar sirrin rumbun bayanan da asuba, na yi mysqldump na farko a rayuwata, na sauko da shi.

Na sa aikin a Git, git pull ya yi. Sai dai yanzu shafin yana cewa ba zai iya rubutu cikin storage/logs ba. Na ga wani a intanet ya ce a yi chmod 777, in yi?

'Yar Samaru:

Kul! 777 yana nufin kowa a sabar na iya rubutu a wurin. Matsalar ita ce ka yi pull da sunanka ko da root, babban asusun sabar, PHP kuma da asusun www-data yake aiki a Ubuntu. Ka mayar da rukunin storage da bootstrap/cache ya zama www-data, ka ba su 775. In ya ƙi, turo mana abin da ls -l ya nuna maka, amma ka rufe adireshin sabar kafin ka ɗauki hoton.