Zan je Paris, wane gidan tarihi zan shiga?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aiki za su tura ni taro Paris, ina so in leƙa gidajen tarihi. Kowa Louvre yake ce mini. Ban da shi fa?

Hajiyar Daura: Wa alaikumus salam ƙanena. Louvre ɗin ma kiyaye, ba sa buɗewa ran Talata. Mona Lisar da ake ta zuzutawa ɗan ƙaramin zane ne a bayan gilashi, sai ka yi ɗage kana hango shi ta tsakanin wayoyin mutane. Ni Orsay ya fi kwanta mini a rai. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce ta 1900, ƙaton agogonta na nan har yau. Su kuma Litinin suke hutu.

Malamin Tarihi: Je ka Quai Branly, dab da hasumiyar Eiffel. Kayan Afirka ne jingim. Daga can aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan sarautar Abomey 26 a 2021.

Baban Yara: Akwai na magudanan ƙazanta ma, a ƙarƙashin ƙasa gefen gadar Alma. Wari kam ba a magana.

Ɗan Ƙofar Sauri: Haba Baba! In taso takanas daga Katsina in je kallon kwata? To, nawa ne kuɗin shiga?