Kai mahaifi ko mahaifiya ɗan gajeren hutu a tsibiri

A shawarwarin da mutane ke bayarwa kan irin wannan tafiya, abin da aka fi nanatawa shi ne a rage zirga-zirga. Hutun kwana 3 ko 4 bai kai a yi ta sauya masauki ba. A kama otal ɗaya kusa da filin jirgi, a nemi ɗakin ƙasa, don matakala na wahalar da gwiwar dattijo.

Waɗanda suka je Maldibs, ƙasar tsibirai a Tekun Indiya, sun ce jiragen da ke sauka a kan ruwa, masu kai baƙi tsibiran, ba sa tashi da dare, wanda ya iso a makare sai ya kwana kusa da Male, babban birnin ƙasar. A Zanzibar kuma ruwan sama ya fi ƙarfi daga Maris zuwa Mayu.

Magunguna su zauna a jakar hannu tare da takardar likita, kada a sa su a akwatin da za a auna. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 rana tana dukan gaske, a huta a inuwa.

Masu ba da shawara sun yi saɓani kan a kama ɗaki ɗaya ko biyu. Ni dai na fi son biyu masu ƙofa a tsakani, ga kunya, ga munshari. Kafin a biya kuɗin yawon kwalekwale kuma, a tambayi Baba ko Mama ko teku na sa su jiri.